Abdullahi ɗan Fodiyo: Masanin Shari'a, Waziri kuma Jagoran Yaƙi

An haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo wajen shekarar 1766 a ƙasar Gobir. Ya yi karatu a hannun yayansa, Shehu Usmanu, da Malam Jibrilu ɗan Umar, har ya zama gwani a fiƙihu da nahawu da tafsiri.

Da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, Abdullahi ne farkon wanda ya yi masa mubaya'a, ya kuma zama wazirinsa. Shi ya jagoranci rundunar jama'a a yaƙin Tabkin Kwatto, inda aka karya mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa. A 1805 kuma ya ci Birnin Kebbi.

Sai dai nasara ba ta kwantar masa da hankali ba. Ya lura wasu daga cikin mayaƙa sun karkata ga neman ganima da sarauta, sun yi watsi da manufar da aka fito dominta. Wajen 1807 ya bar rundunar da niyyar tafiya Makka. Da ya iso Kano, mutanen birnin suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. A nan ya wallafa Liya'ul Hukkam, littafin da ya fayyace haƙƙin talakawa a kan sarki da sharuɗɗan alƙalanci. Daga bisani ya fasa tafiyar, ya koma gida.

A 1812 Shehu ya raba kula da daula biyu: yamma ga Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Bayan rasuwar Shehu a 1817 aka naɗa Bello Sarkin Musulmi, Abdullahi kuwa ya zauna a Gwandu, dangantaka ta yi sanyi tsakaninsu. Boren Kalambaina ne ya sake haɗa su. Bello ya kawo wa baffansa ɗauki, bayan an ci garin Abdullahi ya yi masa mubaya'a, daular ta tsira daga rabewa.

Ya ƙarasa rayuwarsa cikin koyarwa da rubutu. Cikin littattafansa akwai tafsirin Liya'ut Ta'awil, da Tazyinul Waraƙat mai ɗauke da tarihin jihadin. Ya rasu wajen 1829, kabarinsa yana Gwandu, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Gwandu har yau.