Rashidi Yekini, mutumin da ya rungume raga

An haifi Rashidi Yekini a Kaduna ranar 23 ga Oktoba, 1963, asalin iyayensa kuwa mutanen Ira ne ta jihar Kwara. Na fara da wannan ne domin a gidajen kallon ƙwallo na Haɗeja, inda muke raba dare muna musu a kan Messi da Ronaldo, da yawa cikinmu ba su san cewa wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a Kofin Duniya a Arewa ya tashi ba. A kulob ɗin masaƙar UNTL ta Kaduna ya fara wasa. Daga nan ya tafi Shooting Stars ta Ibadan, ya wuce Abiola Babes ta Abeokuta, a 1987 kuma ya tsallaka Abijan wurin Africa Sports.

Ƙato ne, mai ƙirji, mai gudu, in ya ɗaɗa ƙwallo gola sai ya yi ta maza. Bai iya kwalliya irin ta Okocha ba, bai ma nemi ya iya ba. Aikinsa ɗaya ne: a ba shi, ya zuba a raga.

Sai dai nasara ta daɗe tana yi masa rowa. Najeriya ta je wasan ƙarshe na Kofin Afirka a 1984, Kamaru ta doke ta. Ta koma a 1988, Kamaru ta sake. A 1990 Aljeriya ce ta ɗauke kofin a gidanta da ci ɗaya mai ban haushi. A shekarar ce Yekini ya tafi Fotugal, kulob ɗin Vitoria Setubal, wanda ba wani babba ba ne. Can tauraronsa ya haska sosai: shi ya taimaka suka hau rukuni na ɗaya, a kakar 1993/94 kuma ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasar da guda 21, alhali ga 'yan Benfica da Porto. A 1993 aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan Afirka, ɗan Najeriya na farko da hukumar ƙwallon nahiyar ta ba wannan kambu. Da aka je Tunisiya a 1994 ya ci biyar, biyu a ragar Gabon, biyu a ta Zayar, ɗaya a ta Kwaddebuwa, kofin da aka daɗe ana bi ya zo gida.

To, sai ranar 21 ga Yuni, 1994, a birnin Dalas na Amurka. Najeriya da Bulgeriya, wasanmu na farko a tarihin Kofin Duniya. A nan gida dare ya riga ya raba. A minti na 21 Amokachi ya tura wa Finidi George ta gefen dama, Finidi ya shimfiɗo ta ƙasa-ƙasa ta gaban raga, Yekini ya sa ƙafa. Shi ke nan fa. Wallahi a cikin ƙwallayensa babu mai sauƙin wannan, ko yaran da ke buga ta bayan makaranta za su ci. Abin da ya biyo baya ne duniya ta riƙe. Ya bi ƙwallon har cikin raga, ya zura hannuwansa ta cikin igiyoyin, ya dunƙule su, yana jijjigawa yana ihu kamar mai kuka. Ni ɗan Baturiya ne, a wurinmu in ka ga namiji ya cakumi raga haka, to kamu ya yi kyau. Duk lokacin da na ga hoton nan masuntan dausayinmu nake tunawa, ranar da koma ta fito da nauyi bayan an daɗe ana fita a banza.

An tashi 3-0, Amokachi da Amuneke suka ƙara. Kada kuma a ce Bulgeriyar lagwani ce: ita ce ta fitar da Jamus ta kai wasan kusa da na ƙarshe, da Stoichkov a gaba.

Kwana ɗaya bayan ƙwallon Yekini, a gasar dai, ɗan bayan Kolombiya Andres Escobar ya sa ƙafa kamar yadda Yekini ya sa, sai dai tasa ragar gidansu ta faɗa, a wasansu da Amurka. Ranar 2 ga Yuli aka harbe shi a Medelin. Mu ma namu kuskuren bai yi nisa ba. Ranar 5 ga Yuli muna gaban Italiya da ci ɗaya, an ba Zola jan kati, saura minti biyu a tashi, sai Roberto Baggio ya farke, ya ƙara da fanareti a ƙarin lokaci. Har yau manya in an tuna musu sai su yi tsaki.

Yekini bai sake cin ƙwallo a Kofin Duniya ba. An yi ta raɗe-raɗin cewa bayan wasan Bulgeriya wasu abokan wasansa sun daina ba shi ƙwallo don hassada. Magana ce ta baki, amma ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Ya koma Olympiacos ta Girka, zama bai yi daɗi ba. Ya tafi Sporting Gijon ta Sifen, nan ma haka. An je da shi Faransa a 1998 yana ɗan benci. Ya shigo a wasan Sifen, jim kaɗan Garba Lawal, shi ma ɗan Kaduna, ya kwaso wata ƙwallo daga gefen hagu wadda gola Zubizarreta ya tura cikin ragarsa da hannunsa, kafin Oliseh ya kammala aikin da tsawar nan tasa, aka tashi 3-2. A shekarar ya yi sallama da Super Eagles da ƙwallo 37, adadin da aka shafe fiye da shekara 25 ba a kamo ba.

Barin fili ya yi masa wuya. Ya zaga Suwizalan, Tunisiya da Saudiyya, ya dawo gida ya buga wa Julius Berger, har a 2005, yana da shekara 41, ya sake ɗaura takalmi a Gateway ta Abeokuta. Bayan nan ya zauna a Ibadan shi kaɗai, ba ya shiga jama'a, ba ya zuwa bukukuwan da tsofaffin 'yan wasa ke zuwa. Jaridu sun yi ta rubuta cewa ba shi da lafiya, ana danganta abin da ƙwaƙwalwa. A ganina nan ne abin kunyar yake: hotonsa yana manne a shaguna da gidajen kallo a duk faɗin ƙasar nan, mai hoton kuwa yana Ibadan, ba a ji hukumar ƙwallo ko mu masu tafin mun tashi tsaye a kan halin da yake ciki ba.

Ya rasu ranar 4 ga Mayu, 2012, yana da shekara 48. An kai shi Ira, garin iyayensa, aka yi masa sutura yadda addinin Musulunci ya tanada. Allah Ya jiƙansa.