James Naismith, mutumin da ya ƙirƙiro ƙwallon kwando

Yau mun kawo muku tarihin James Naismith. An haife shi a Kanada a 1861, iyayensa suka rasu yana ɗan shekara 9. A watan Disamba na 1891, yana koyar da motsa jiki a garin Springfield na Amurka, tsananin sanyi ya hana ɗalibai fita waje. Sai ya kafa kwanduna 2 na zuba ƴaƴan itace a cikin zaure, ya tsara dokoki 13.

Abin da ya ba mu mamaki, hajarsa ta karɓu a duniya amma shi bai tara dukiya da ita ba. Da aka shigar da wasan cikin gasar Olamfik ta birnin Balin a 1936, sai da masu horar da ƴan wasa suka yi masa karo-karo kafin ya samu guzurin zuwa kallo. Ƙasashe 21 suka kara, har da Masar. A fili aka buga wasan ƙarshe ana ruwan sama, laka ta hana ƙwallo tashi, Amurka ta ci ƙasarsa ta haihuwa 19 da 8. Shi ya miƙa lambobin yabo.

Ya rasu a jihar Kansas a 1939.