Tomas Edison da ƙwan lantarki

Kun taɓa zuwa maƙera? Idan maƙeri ya sa ƙarfe cikin wuta ana zuga, da fari sai ƙarfen ya yi zafi, sannan ya yi ja. In aka ci gaba da zuga, sai ya yi fari yana haske. Abin da ke faruwa cikin ƙwan lantarki mai zare ke nan. Ga labarin mutumin da ya shahara wajen ƙera shi.

An haifi Tomas Edison ran 11 ga watan Fabrairu na shekarar 1847, a garin Milan na jihar Ohayo, cikin ƙasar Amurka. Bai daɗe a makaranta ba. Mahaifiyarsa, wadda ta taɓa yin aikin koyarwa, ita ta karantar da shi a gida. Yaro ne mai yawan tambaya da son karatu.

Yana da shekara 12 ya fara sayar da jaridu cikin jirgin ƙasa. Tun yana yaro kunnensa ya yi nauyi, ba ya ji sosai, amma wannan bai hana shi neman sani ba. Wata rana ya ceci ɗan shugaban wata tasha daga tarago mai gangarowa. Don godiya, uban yaron ya koya masa aikin wayar tangaraho. Ta nan ya fara sanin lantarki.

A shekarar 1876 ya gina gidan bincike a Menlo Park, ya tara maƙera da masu lissafi da masu hura gilashi. A 1877 ya ƙera garmaho, naʼurar da ke ɗaukar murya ta maido ta. Daga nan sai ya juya ga maganar haske.

A wancan zamani mutane suna kunna kyandir, ko fitilar kananzir, ko ta gas. Duk suna hayaƙi, suna kuma jawo gobara. Masana sun riga sun san cewa idan lantarki ya bi ta cikin siririn zare, yakan sha wuyar wucewa, kamar taron mutane a ƙaramar ƙofa. Wannan matsi shi ke sa zaren ya yi zafi, zafin kuwa in ya yi yawa sai ya ba da haske. Matsalar ita ce, da zaren ya yi zafi sai ya ƙone.

Edison da mutanensa suka gwada wani ƙarfe mai tsada da ake kira falatinam, abin bai biya bukata ba. Suka gwada takarda da itace da zaruruwa iri iri. Sun san wuta ba ta ci sai da iska, saboda haka suka sa famfo suka zuƙe iskar da ke cikin ƙwan gilashin, suka liƙe bakinsa. A watan Oktoba na 1879 suka gasa zaren auduga har ya zama gawayi, suka sa shi cikin ƙwan, suka sakar masa lantarki. Zaren ya yi fiye da awa 13 yana haske. Ba su tsaya nan ba. Daga baya suka gano cewa zaren gora ta ƙasar Japan yana iya yin fiye da awa 1200.

Ba Edison kaɗai ya yi wannan aiki ba. A Ingila, Yusufu Swan ya ƙera irin wannan ƙwai a lokaci guda, har su biyu suka haɗa kamfani a 1883. Akwai kuma Luwis Latimer, baƙar fata, wanda iyayensa suka gudo daga bauta. Ya kyautata hanyar yin zaren gawayi, kuma ya shiga aiki tare da Edison a 1884.

Ƙwai ba ya haske sai da lantarki. Don haka ran 4 ga watan Satumba na 1882 Edison ya buɗe tashar lantarki a birnin New York. Tashar tana ƙona kwal. A wasu wurare da ƙarfin ruwa ake samun lantarki. Misali a Sudan, ba nisa da garin Suki da ƙauyukan Hausawa, an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, daga baya aka sa mata injunan lantarki.

Edison ya rasu ran 18 ga watan Oktoba na 1931, yana da shekara 84. Kafin rasuwarsa an riga an maye gurbin zaren gawayi da na ƙarfen tangistan, mai jure zafin da ya wuce digiri 2000. Amma a irin wannan ƙwai, in aka kasa lantarki kashi goma, fiye da kashi tara zafi yake zama, ɗan abin da ya rage shi ne haske. Shi ya sa ba a taɓa shi yana kunne. Yau akwai ƙwan LED, wanda ba ya bukatar zare mai zafi, ba ya kuma cin wuta da yawa.

Tambayoyi

1. Wace shekara aka haifi Edison, kuma a wace ƙasa?
2. Me ya sa zaren ƙwan lantarki yake zafi?
3. Don me aka zuƙe iskar da ke cikin ƙwan?
4. Su wane ne suka yi irin wannan aiki ban da Edison?
5. Ku je maƙera tare da malaminku, ku faɗi launin da ƙarfe yake yi idan ana zuga.