Takaitaccen tarihin Ladi Kwali, gwanar zane a jikin tukwane

Duk wanda ya juya bayan takardar Naira ashirin zai ga hoton wata mata a sunkuye tana ginin tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali, wadda zanen da take yi a jikin tulu da randa ya kai sunan Nijeriya manyan ɗakunan baje kolin fasaha na Turai da Amurka.

An haifi Ladi a wajajen shekarar 1925 a garin Kwali, wanda yanzu yake cikin yankin babban birnin tarayya. Ta fito ne daga ƙabilar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, inda ginin tukwane sana'a ce ta mata. Ba ta yi karatun boko ba. Tun tana ƙarama ta koyi sana'ar a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, ta hanyar murza yumɓu ana ɗora shi zobe-zobe, maginiya tana zagaya tukunyar har ta tashi.

Abin da ya bambanta ta da sauran mata shi ne zanenta. Takan raba cikin tulu gida-gida da layuka, sa'annan ta zana kunama ko ƙadangare ko hawainiya ko kada ko kifi ko tsuntsu a kowane gida, tun yumɓun bai bushe ba. Ba ta kwaikwayon surar dabbar kamar yadda ido ke ganinta; takan shimfiɗa ta ne, ta cike jikinta da ƙananan layuka, ta yadda za ta dace da faɗin wurin.

Haɗuwarta da Cardew

Sarkin Abuja na wancan zamani, Alhaji Sulaimanu Barau, yana cikin waɗanda suka fara tara tukwanenta. A fadarsa ne wani Baturen Ingila, masanin ginin tukwane, Michael Cardew, ya fara ganin aikinta. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta ɗauko Cardew, ya kuma buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a shekarar 1952 a garin Abuja na da, wato Suleja ta yanzu.

A shekarar 1954 Ladi ta shiga cibiyar, ta zama mace ta farko a cikinta. A nan ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, da shafa wa tukwane ruwan da ke sa su sheƙi kamar tangaran, da kuma gasa su a tanderu mai tsananin zafi. Ta riƙa yin kwanoni da butoci da farantai, tana tsoma su cikin ruwan laka mai launi, kana ta kankare zanen da ƙayar beguwa.

Sai dai ba ta yar da ginin gargajiya ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu, tana cike ramukan zanen da farar ƙasa, ta yadda dabbobin ke fitowa fili a ƙarƙashin sheƙin. Wannan sauyi ya zo da hasararsa, domin tulun da aka gasa haka ya yi nauyi, kuma ba ya tsattsafo, saboda haka ba ya sanyaya ruwa. Ke nan tulun ya tashi daga kayan aikin gida ya koma kayan ado, wanda galibi masu hali da baƙi ne ke iya saye.

Ɗaukaka da rasuwarta

An baje kolin tukwanenta a birnin London a shekarun 1958 da 1959 da 1962. Ita kanta ta ziyarci Ingila tana nuna yadda ake ginin a bainar jama'a, sa'annan a 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew. Nasarar da ta samu ta buɗe wa wasu mata ƙofar cibiyar, irin su Halima Audu da Asibi Ido da Kande Ushafa.

Birtaniya ta ba ta lambar girma ta MBE a farkon shekarun 1960. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta a 1977, yayin da gwamnatin Nijeriya ta karrama ta da lambar yabo ta ƙwarewa ta ƙasa a 1980, da kuma lambar OON a 1981.

Ladi Kwali ta rasu a Minna ranar 12 ga watan Agustan 1984. An sa wa cibiyar ta Suleja sunanta, haka ma wani titi a Abuja, kuma a shekarar 2007 Babban Bankin Nijeriya ya sa hotonta a takardar Naira ashirin. Tukwanenta, masu ɗauke da haruffan LK, suna ajiye a gidajen tarihi na Birtaniya da Amurka.