Alhasan Ɗantata: Daga Asusu Zuwa Raƙuma Ashirin

'Yar uwa, kin san Tatan da ke cikin sunan nan mace ce? An haifi Alhasan a Bebeji a 1877. Yana ƙarami mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa Amarya ta tafi fatauci Ankara ta ƙasar Gana, ta bar shi hannun wata tsohuwa, Tata. Ita ta saba masa da tari a asusu tun yana almajiri.

Burinsa na farko ɗan ƙarami ne, wato ya haɗa jarin kansa. Da ya samu, sai ya sa goron Gwanja a gaba. Bai ɗauki gyaɗa ba sai da jirgin ƙasa ya iso Kano, Turawa suka buɗe cinikinta. Ɗaya bayan ɗaya dai, ba irin namu ba, yau ƙosai, gobe atamfa, jibi uwar kuɗin ta tafi anko!

A 1929 ya kai azurfa kayan raƙuma 20 bankin da aka buɗe a Kano. Da ciwon ajali ya kama shi a 1955, ya tara 'ya'yansa ya gargaɗe su kada su wargaza kasuwancin. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Tata.