Tarihin Dakta John Dalziel, likitan da ya tattara sunayen itatuwan ƙasar Hausa

An haifi John McEwen Dalziel a birnin Nagpur na ƙasar Indiya a shekarar 1872, iyayensa 'yan Sikotland ne. Ya karanci likitanci a Jami'ar Edinbura, ya yi aikin asibitin mishan a kudancin Sin, sannan a 1905 ya shiga aikin lafiya na gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma, inda aka turo shi Arewacin Najeriya.

Ban da duba marasa lafiya, Dalziel ya duƙufa wajen tattara ganye da fure da 'ya'yan itace a wurare irin su Sakkwato da Katagum da Yola. Yakan tambayi mutanen gari sunan kowane tsiro da amfaninsa, ya busar da samfurin, ya aika lambun bincike na Kew a Landan. A 1916 ya wallafa ƙamus ɗin sunayen tsirrai na Hausa, wanda ya jera kowane suna da takwaransa na kimiyya.

Aikin ya fi ƙarfin fassara, domin tambayar da ke ƙarƙashinsa ita ce: me ke raba jinsin halitta da wani jinsi? Suna guda kan rufe tsirrai biyu, tsiro guda kuma kan amsa sunaye uku daga wannan gari zuwa wancan. Manomin Godogodo da na kewayen Kafanchan sun san acca, haka kuma a tsaunukan Jos da ƙasar Zazzau an san iburu. Hatsi ne masu kama da juna, amma masana sun tabbatar jinsi biyu ne. Masani Otto Stapf na Kew ya raɗa wa iburu sunan kimiyya a 1915, ya kuma aro sunan daga Hausa.

A zamanin Dalziel, siffar fure da ganye da iri ce babbar hujja, bisa tsarin suna biyu da Carl Linnaeus ya shimfiɗa a 1753. Sai a 1942 Ernst Mayr ya fito da ma'anar da ta yi fice: jinsi shi ne rukunin halittun da ke hayayyafa a junansu, ba sa cakuɗa da wani rukuni. Doki da jaki kan haifi alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa, don haka jinsinsu daban. Sai dai wannan ma'auni kan gaza a kan tsirrai, waɗanda ke yawan barbarar juna, shi ya sa busassun samfura irin na Dalziel ba su rasa daraja ba.

Bayan ya bar aikin gwamnati, ya koma Kew, inda shi da John Hutchinson suka rubuta kundin tsirran Afirka ta Yamma tsakanin 1927 da 1936. A 1937 ya fitar da littafinsa kan tsirrai masu amfani. Itacen hano, wanda ake kira ararraɓi, yana ɗauke da sunansa a kimiyya. Ya rasu a 1948.

Har yau doka na dogara da irin wannan tantancewa. Tun 2017 yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikin katakon madobiya, kuma jami'in da bai iya bambanta ta da wani itace ba, ba zai iya kare ta ba.