Janar Ibrahim Bare Mainasara (1949–1999)

An haifi Ibrahim Bare Mainasara a shekarar 1949. Asalinsa Ba'are ne, wato daga Hausawan ƙasar Arewa da ke yankin Dogon Dutsi a Jamhuriyar Nijar. Ya shiga aikin soja tun yana matashi, kuma yana daga cikin hafsoshin da suka mara wa Saini Kunce baya a lokacin da ya hamɓarar da gwamnatin Jori Hamani a 1974. Kunce ya jawo shi jiki ya mai da shi dogarinsa, daga bisani ya ɗora shi bisa askarawan da ke tsaron fadar shugaban ƙasa.

Daga 1986 sai rayuwarsa ta karkata ga harkar jakadanci. An tura shi ofishin jakadancin Nijar da ke Faris a matsayin wakilin soja. A zamanin Ali Shaibu ya riƙe ma'aikatar lafiya, sannan ya zama jakadan ƙasarsa a Aljeriya daga 1990 zuwa 1992, a daidai lokacin da tawayen Abzinawa ya fara ruruwa a arewacin Nijar.

A watan Maris na 1995 aka naɗa shi babban hafsan sojojin ƙasa. Lokacin nan shugaban ƙasa Mahaman Usman da Firayim Ministansa Hama Amadu ba sa ga-maciji da juna, domin 'yan adawa ne ke da rinjaye a majalisa, har aikin gwamnati ya tsaya cik. Ran 27 ga Janairu, 1996, Bare ya kifar da su duka biyun, bisa hujjar ya zo raba gardama ne. Jama'a da dama sun yi na'am da wannan hujja.

Sai dai mai rabon faɗa ya shiga faɗan da kansa. Ya tsaya takara a zaɓen 7 da 8 ga Yuli na shekarar, kuma ana tsakiyar ƙidayar ƙuri'u ya rusa hukumar zaɓe mai zaman kanta, ya kafa wata, aka yi wa abokan takararsa ɗaurin talala a gidajensu. Sabuwar hukumar ta ba shi nasara da kimanin kashi 52 cikin ɗari. Nan ne ya zubar da amincin da ya shigo da shi, bai kuwa sake samun sa ba. 'Yan adawa suka ƙaurace wa zaɓen majalisa, ma'aikata suka yi ta yajin aiki saboda bashin albashi, sojoji ma suka yi bore a 1998.

Abin lura shi ne, ƙwarewarsa ta jakada ta yi masa rana wajen 'yan tawaye, domin gwamnatinsa ta ƙulla sulhu da wasu ƙungiyoyinsu a Aljeriya a 1997, da kuma Tubawa a Injamena a 1998. Amma sulhu da 'yan siyasar Yamai ya faskare shi.

Ran 9 ga Afrilu, 1999, askarawan da ke tsaronsa suka harbe shi a filin jirgin saman Yamai, shugabansu Manjo Dauda Malam Wanke ya karɓi mulki. Tsarin mulkin da aka kafa a shekarar ya yi afuwa ga masu juyin mulkin 1996 da na 1999 baki ɗaya. Iyalansa suka yi ta neman haƙƙinsu, har kotun ECOWAS ta umarci gwamnatin Nijar ta biya su diyya a 2015.